Yadda Aka Yi Na Zama Uku-da-Ɗoriya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ina roƙonsa ya tsare hannuna daga ƙari da ragi, domin hannun bai daɗe da sanin alƙalami ba.

Ku 'ya'yana, kun tashi kun ji ana kirana Uku-da-Ɗoriya tun daga Moshi Zongo har Kaladan, kun ga kuma ina amsawa. Na san wasunku suna jin zafin sunan. Uwarku Sanatu ta gaya mini 'yar'uwarku Mariyama ta taɓa tambayarta a ɓoye ko yadin mutane nake ragewa a shagon ɗinki, shi ya sa aka laƙaba mini. Ban taɓa rage wa kowa ko faɗin yatsa ba. Amma abin da na yi ya fi rage yadi muni, kuma gara ku ji shi daga gare ni.

An haife ni a shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, saboda haka shekarar da ƙasar ta cika hamsin ni ma na cika. Abin ya faru a wannan shekarar. Amma sai na fara gaya muku wane ne Fuseini, wanda kuke ce wa Baba Kaladan. Badagombe ne ɗan Gbalahi. Ubansa manomi ne da yake kawo doya da dawa gidan mahaifina, Alhaji Salifu, wanda yake saukar da fataken goro da na shanu. Tun muna yara muke cin tuwo a kwano ɗaya. Tsakanin Dagombawa da mu Moshi akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma Fuseini ya riƙe wasan nan kamar sana'a. Bai taɓa gaishe ni gaisuwar mutunci ba. Daga nesa zai ɗaga murya ya tambaye ni inda na ɗaure jakina, ni kuma in tambaye shi ko doyar ta bar shi ya tashi daga barci. Shi ya yi 'yan shekaru a makarantar boko, ni ban yi ba. Ya koyi gyaran rediyo, daga baya talabijin, da kwamfuta ta shigo gari ya sa hannu a cikinta ita ma. Shekara talatin shi ne idona. Wasiƙar ƙanen uwarku daga Kumasi, takardar asibiti, katin makarantarku, duk shagonsa na Kaladan nake kai su. Ya san sirrin gidana fiye da limaminmu, kuma ban taɓa jin ko kalma ɗaya ta fita daga bakinsa ba. Shi ne kuma ya matsa mini in shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar. Ya ce ya gaji da karanta wa jaki wasiƙa. Ranar farko a kan babur ɗinsa ya kai ni har ƙofar ajin, ya gaya wa malamar ta yi haƙuri da ni, wai kaina da tauri amma ba na cizo.

A lokacin yayarku Azara ta gama sakandare ta koyi buga takardu. Na raba shagon ɗinkina biyu da labule, muka sa mata tsohuwar kwamfuta a ɗaya gefen. Tana buga katin biki da na sadakar arba'in, ranar Asabar kuma tana zuwa makarantar fasaha ƙarin karatu. Da bikin shekara hamsin ya matso, aiki ya yi mana yawa mu biyu. Ni ina ɗinka riguna ja da ɗorawa da kore har idona yana ganin launukan a cikin tuwo. Ita kuma ƙungiyoyi suna kawo mata aikin fosta. Wata ƙungiyar matan kasuwa ta kawo mafi girma: suna son ƙyalle mai tsawon motar kaya, da hoton kowace mace a jiki, su riƙe shi ranar fareti. Duk lokacin da Azara ta jera hotunan suka kai wani yawa, sai kwamfutar ta fara gurnani kamar injin niƙa, ta yi nauyi, daga nan ta rufe aikin ta ce memori ya ƙare. Azara ta ce memori shi ne wurin da na'urar take shimfiɗa aikin da ke hannunta, kamar teburin da nake yanka yadi a kai, kuma namu ƙarami ne, giga ɗaya kacal a ma'auninsu. Na aika wa ƙanen uwarku, ya turo sabon memori, sanda biyu, a cikin ɗan kwali. Fuseini ya zo ya ɗauki kwamfutar a bayan babur ya kai shagonsa, ya cire tsohon ya sa sababbin, washegari ya dawo da ita.

A nan sabon karatuna ya shigo. Watana bakwai a aji, kuma babu abin da yake wuce ni ban karanta ba: jikin lori, gwangwanin madara, allon asibiti. Na ɗauki kwalin na karanta da kaina, giga huɗu. Na sa Azara ta nuna mini inda na'urar take faɗin abin da ke cikinta, na sa yatsa na karanta, uku da ɗigo da wata lamba. Na sake karantawa. Sannan ta buɗe aikin matan kasuwa, ya sake rufewa kamar jiya. Fuseini yana zaune a kan bencina yana shan koko, na tambaye shi ina sauran.

"Haka irinsu suke yi," in ji shi. "Na taɓa gani a wata. Ban san dalili ba. Ku raba fostar biyu mana, kai ba tela ba ne? Ka haɗa da zare."

Na ɗauka ba'a yake yi mini a kan abin da ba na wasa ba. Kuma ku fahimci halin da nake ciki. Mutumin da ya yi shekara hamsin ana karanta masa, ranar da ya fara karantawa da kansa yana ganin duk abin da aka rubuta gaskiya ne tsantsa, bakin mutum ne kawai yake karkata. Kwali ya ce huɗu, fuskar na'ura ta ce uku da ɗoriya, tsakaninsu kuwa babu kowa sai dare ɗaya a shagon Fuseini. Har wani mugun tunani ya zo mini, wanda nake jin kunyar rubutawa: shin duk wasiƙun nan na shekara talatin, abin da ke ciki yake karanta mini?

Ban ce masa komai ba. Da na ce masa, da mun yi faɗa mun shirya kafin magariba. Abin da na yi shi ne, bayan azahar na zauna a bencin ƙofar masallaci inda dattawan unguwa suke taruwa, na ba da labarin. Na ce ni ban ce wani ya ɗauka ba, amma da idona na karanta, huɗu suka shiga Kaladan, uku da ɗoriya suka fito. Ina jin daɗin faɗin "da idona na karanta" har na maimaita. Kwana uku bai cika ba maganar ta riga ni zuwa Kaladan, ta kuma yi ƙiba a hanya. Aka ce Fuseini yana cire sabon kaya daga na'urorin mutane ya sa tsoho. Wata mata ta zo ta ɗauke talabijin ɗinta a buɗe, ba a gama gyara ba. Wani malamin makaranta ya karɓe kwamfutoci biyu. Ranar Juma'a muka haɗu a ƙofar babban masallaci, Fuseini ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Malam Idirisu, barka da Juma'a. Yaya iyali?"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin gaisuwar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Amma na gaya wa kaina rashin gaskiya ne ya sa shi ladabi.

Azara ba ta yi mini gardama ba, ba halinta ba ne. Ranar Asabar ta tambayi malaminsu, ta dawo da takarda da ya yi mata zane: dogon akwati a tsaye, an yanka shi da layuka, da rubutu a gefe. Ta fara bayani na katse ta, na ce ni magana ta ishe ni, kowa ya iya magana. Sai ta kashe na'urar, ta zare wayar wuta, ta buɗe cikin, ta ce in cire sanda ɗaya da hannuna. Yatsun tela ne, ba su yi kuskure ba. Muka kunna da sanda ɗaya, na karanta, biyu cif. Muka cire ta muka sa ɗayar, biyu cif. Na mayar da su duka biyun da kaina, na danna har suka yi ƙara, muka kunna. Uku da ɗoriya. Na sa aka sake, tun daga farko. Haka dai. Babu Fuseini a shagon, babu Kaladan, daga ni sai 'yata. Na zauna a kan kujerar keken ɗinki.

Sai a lokacin na saurari bayanin. Ta ce duk wani gurbi a cikin memori sai yana da lamba kafin na'urar ta iya zuwa wurinsa, kamar lambar ƙofa. Irin tamu kuwa ƙirgarta ta tsaya a giga huɗu, ba ta da lamba ko ɗaya bayan nan. Kuma ba memori kaɗai ke buƙatar lamba ba. Abin da ke zana hoto a fuskar na'urar da sauran kayan cikinta an riga an yanka musu nasu daga sama. Saboda haka wani yanki na sandunanmu yana nan lafiya lau, amma babu lambar da za a kira shi da ita. Na tambaye ta to me ya sa fostar take rufewa, tun da uku ya fi ɗaya. Ta nuna mini layin da ya raba akwatin a tsakiya. Ta ce akwai wani babban furogiram a ƙarƙashin duk sauran, suna ce masa kanel, shi yake rabon wuri. Kowane furogiram da aka buɗe, kanel yana nuna masa kamar ƙirgar nan duka tasa ce shi kaɗai. Amma rabin sama kanel ya riƙe wa kansa, ba a taɓawa, wanda ya miƙa hannu can a take ake rufe shi. Rabin ƙasa, giga biyu, shi ne iyakar mai aikin hoto, ko da za ka cika cikin na'urar da sanduna. Idan kuma wuri ya yi ƙaranci, kanel yana kwashe kayan wanda ba ya motsi ya kai faifan ajiya, ya dawo da su in an nema, gurnanin da muke ji ke nan.

Tana magana ina ganin gidan mahaifina. Ku ba ku riske shi yadda yake ba a shekarun bayan 'yancin kai, lokacin da fatake suke sauka daga arewa ba fashi. Duk baƙon da ya shigo zaure, Alhaji zai ce masa gidan nan duka naka ne. Kowa haka yake gaya masa, kuma kowa ya yarda. Amma akwai ƙofar cikin gida da baƙo bai taɓa ƙetarewa ba. Wanda ya gwada, ko da kuskure ne, ranar yake neman wani masauki. Ɗakunan kuma ba su kai baƙin yawa ba. Idan bafatake ya tafi kara, kasuwar shanu, zai kwana biyu, sai a kwashe kayansa a kai sito, a ba wani ɗakin. Kafin ya dawo an fito da kayan an jera, wani lokaci ma a wani ɗakin daban, shi dai ya ce a nuna masa ɗakinsa a nuna masa. Lokacin cinikin goro kuwa, idan baƙi suka yi yawa, sai a wuni ana shiga da kaya ana fita da kaya, mahaifiyata Mma Adisa tana tsaye da muciya tana cewa yau dai babu mai cin tuwo a gidan nan, tun da duk hannuwan sun koma dako. A zauren akwai allo mai ƙusoshi da ake rataye makullai, na sama na cikin gida da sito, na ƙasa na baƙi. Na gaya wa Azara wannan duka, na ce to ai da ɗakuna suka ƙaru, Alhaji ƙusa ya ƙara.

"Baba, wannan allon ba ya karɓar ƙusa," in ji ta. "Da haka aka ƙera shi. Sai dai a sayi wani gidan."

Na tambaye ta ko Fuseini ya san wannan. Ta ce bai sani ba, shi ya sa ya ce bai sani ba.

Na kwana biyu ba na iya cin abinci sosai. Na gaya wa uwarku zan sayi goro in je gidan Fuseini da safe, mu biyu kawai, in ba shi haƙuri. Tana tankaɗe ba ta ɗago ba.

"A ɗakinsa ka ɓata shi?" ta ce. "Ka koma bencin. Goron ya jira."

Na koma. Bayan azahar, dattawa sun cika bencin, na tsaya a gabansu da takardar Azara a hannu. Na ce maganar da na kawo nan kwanan baya ƙarya ce, ba Fuseini ya yi ba, babu ma wanda ya yi, jahilcina ne ya sa sabuwar riga. Suka ce to ina sauran ya shiga. Sai ga ni, mai wata bakwai a ajin manya, ina yi wa tsofaffin mahauta da direbobi bayanin kanel da allon makullai. Wani ya ce ashe na'urar ma tana da cikin gida. Wani ya ce a tambaye ta ko tana karɓar la'ada. Suka yi dariya har ladan ya leƙo. Na tsaya na shanye, domin abin da na zo saya ke nan. Amma na lura da wani abu da nake so ku riƙe: mugun labarin kwana uku ya yi ya kai Kaladan, gyaran kuwa bai ko tashi daga bencin ba. Sai da na ɗauke shi da ƙafata. Na nemi gidan matar nan mai talabijin, na yi mata bayani, na ɗaura talabijin ɗin a bayan kekena na mayar shagon Fuseini. Na je wurin malamin makarantar, ya saurare ni da kyau, ya ce ya riga ya samu wani mai gyara. Bai dawo ba har abada. Akwai irinsa da dama, kuma wannan asarar ban iya mayar wa Fuseini ita ba.

Shi kuwa ya karɓi goron da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce babu komai Malam Idirisu, Allah ya yafe mana duka. Ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. Na dawo gida na gaya wa uwarku bai yafe ba. Daga nan kullum bayan na tashi daga aji sai in taka keke zuwa Kaladan in zauna a bakin shagonsa. Ba na roƙo, ba na dogon zance. Yana gyara, ina miƙa masa abin da ya nema. Kullum ya tarbe ni da Malam, ya sallame ni da Malam. Mako biyar muna haka. Wata rana na ce masa akwai abin da ban faɗa a benci ba, na gaya masa tunanin da na yi game da wasiƙun. Ya ajiye rediyon da ke hannunsa. Sannan ya ce sau ɗaya ya taɓa canza mini wasiƙa, wadda aka rubuto rasuwar yayata, ya ce mini tana jinya ne don in iya hawa mota in isa. Na ce na sani, tun a lori na gane. Ranar ma da Malam ya sallame ni.

Fostar matan kasuwa kuwa, abin da ya faɗa tun farko shi muka yi. Azara ta raba aikin biyu, kowane rabi ya shiga iyakar da kanel ya yanka, na'urar ba ta ko yi tari ba. Aka buga ƙyallen gida biyu, na shimfiɗa su a ƙofar shago na haɗa da keke, ɗinki biyu a jere don kada iska ta raba. Ana saura kwana biyu fareti, mun rataye shi a bango matan suna neman fuskokinsu suna ihu, sai na ji ƙarar babur ɗin da na sani. Fuseini ya sauka, bai gaishe da kowa ba. Ya bi ƙyallen daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsaya a tsakiya, ya bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa. Ni ina tsaye da almakashi a hannu. Sai ya juyo ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Kai, Uku-da-Ɗoriya. Wa ya koya wa jaki ɗinki? Ka karkatar da hancin matar mutane."

Matan suka kwashe da dariya, suka ɗauki sunan a take, kafin la'asar ya shiga kasuwa. Ni kuwa na shige bayan labule wurin kwamfutar, Azara ta yi kamar ba ta ga idona ba.

Shekara tara muka ƙara tare bayan wannan, bai sake kirana Idirisu ba ko sau ɗaya, har a gadon asibiti. A watanninsa na ƙarshe idonsa ya mutu, ni nake karanta masa takardun magani da saƙonnin ɗansa, yana cewa in karanta a hankali, kada in rage ɗoriyar. Takardar zanen nan tana cikin akwatina, ƙarƙashin rigar Sallah, Azara ta san wurin. 'Ya'yansa kuma ba baƙi ba ne a gidan nan, ƙofar cikin gida a buɗe take gare su ko bayan raina.

Saboda haka idan kun ji wani ya kira ni da sunan nan, kada ku ɓata rai, kada ku gyara masa. Wanda ya raɗa mini shi ya tafi, kuma duk garin nan babu mai faɗinsa da irin muryarsa. Amma har yau idan na ji shi daga nesa, kafin in juya sai bakina ya fara shirya tambayar doya. Allah ya jiƙan Fuseini, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi huɗunsa cif.